Rediyon Harra da Waƙa Ta Biyar

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Juma'a a Madina ba, ranar da kakata ta tona mini asiri a gaban mutumin da na fi jin nauyinsa a duniya. Abin haushin, ko daga kan tabarmarta ba ta tashi ba. Tana ɗakinta a Zariya, ni ina unguwar Harra ta Yamma, kaset kawai ta aiko. Kuma in dai gaskiya za a faɗa, ni na miƙa mata wuƙa da nama da hannuna.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina saurayi, ban daɗe da gama karatun harhaɗa magunguna ba, na samu aiki a wani kantin magani (a can saidaliyya ake cewa, har mu Hausawa). Ina zaune a gidan yayana, Yaya Kabiru injiniya, da matarsa Anti Rabi. Tagar ɗakina tana kallon wani fili da ba a gina ba, cike da baƙaƙen duwatsun nan na Harra waɗanda aka ce wuta ce ta narke ta daskare tun zamanin da. Da tsakar rana sai ka ga iska tana rawa a kansu kamar ruwa. Ni kuwa Allah ya yi ni mutum mai tafiya a zaune. In na kafa wa filin nan ido, sai Anti Rabi ta gaji da kiran sunana ta zo ta buga ƙofa kafin in dawo.

Abu ɗaya nake so a garin, bayan gamawa da duniya lafiya, shi ne Safiya, 'yar Dokta Hamisu likitan ido. Dokta Bazazzagi ne kamar mu, amma ya daɗe a Madina har 'ya'yansa duk a can aka haife su, gidansa yana unguwar Khalidiyya. Mutum ne mai tsadar magana, yana kallonka ta saman tabarau kamar zai duba maka ido kyauta. Safiya tana jin Hausa sarai, amma in ka gaishe ta da Larabci take amsawa, shi ma a taƙaice. Ban taɓa gaya mata komai ba, ban gaya wa kowa ba. Dabarata ita ce in fara yin suna a wurin uban tukuna. Duk masallacin da na san zai je, ina sahun da zai gan ni. In an yi walima ni ne mai buta, ni ne mai zuba shayi. Har wata tafiya na koya ta sunkuyar da kai, wadda ta taɓa haɗa ni da sandar wuta. Da na ji labarin Dokta ya ce ƙanen Kabiru yaro ne natsattse, sai da na yi mako ina lasar maganar.

Natsattsen yaron nan kuwa yana da wata duniya a ƙarƙashin gado.

Wani abokin aikina ɗan Filifin, da kwantiraginsa ya ƙare zai koma gida, ya bar mini 'yan kasakasai kwafi, ba hoto ba rubutu. Ya ce wasu samari ne na wani gari mai yawan ruwan sama a Turai, ba su da babban kamfani a bayansu, a garejin gidan ɗayansu suke ɗaukar waƙa su sayar wa wanda ya sani. Ya faɗi sunansu na kasa riƙewa, sai na sa musu 'Yan Gareji. Jita biyu, ganga, da wani mawaƙi mai murya irin ta wanda aka tasa daga barci aka ce ya rera. Ranar farko na ce wannan ai hayaniya ce. Kafin wata ya mutu na san inda mai gangar yake shaƙar numfashi.

Tunda waƙoƙin ba su da suna a jiki, ni na raɗa musu. Akwai Jirgin Ƙasa, wadda gangarta take tahowa daga nesa tana ƙaruwa har ta bi ta kanka ta wuce. Akwai Tsohuwar Mota, da take ƙin tashi sai can tsakiya. Akwai Hayaƙi, akwai Gidan da Babu Kowa. In na sa abin ji a kunne na rufe ido, sai duwatsun Harra su jiƙe, ciyawa ta fito, in ga kaina a wani titi mai sanyi ina tafe da laima, ni da ban taɓa mallakar laima ba a rayuwata.

To amma jin waƙa bai kai jera ta daɗi ba, wannan ne ciwona. Wacce ce ta ɗaya, wacce ke bi mata, me ya sa. Mai sayen magani zai miƙo takardar likita, hannuna yana kan kanta, zuciyata tana shari'a tsakanin ta uku da ta huɗu (ban taɓa ba wa kowa maganin da ba nasa ba, kada a tsorata). Kuma alƙali ne ni da ba ya karɓar hanci. In waƙa ta yi kuskure, ko ina sonta, sai ta sauka.

Akwai guda ɗaya mai taushi, jita ɗaya kawai da murya, wadda na sa wa suna Tafin Hannu. Ga dalili. Wata rana da hantsi aka yi ruwa a Madina, abin da yakan yi wuya. Gari ya fito, manya da yara, kowa ya ɗaga kai. Ina bakin saidaliyya da abin ji a kunne ɗaya, sai motar Dokta ta tsaya a gefen titi. Gilashin baya ya sauka kaɗan, hannun Safiya ya fito, ta buɗe tafinta tana taren ruwan. Daidai lokacin waƙar nan take tafiya a kunnena. Ban ga fuska ba, hannu kawai na gani da ɗigon ruwa. Tun daga ranar waƙar ta zama tata, kuma na tabbata na kamu.

Da abin ya yi mini yawa, ba ni da wanda zan yi wa bayani, sai na buɗe gidan rediyo. Bayan azahar, lokacin da Madina take barcin rana, ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, nakan kulle ƙofa in jera rikoda biyu. Ɗaya tana kiɗa, ɗaya tana ɗauka. In gyara murya irin ta masu gabatar da zaɓen masu sauraro a gida, in ce, "Jama'a barkanmu da rana, nan Rediyon Harra." Sai in fara daga ta goma in hauro, kowace waƙa in saka ɗanɗano, in yi sharhi, in yanke hukunci. Masu saurarona su ne duwatsu da tantabaru. A wani shiri da na fi ji da shi, da na zo kan Tafin Hannu sai bakina ya kwance. Na faɗi sunan Safiya, na faɗi na ubanta da unguwarsu, na ba da labarin ruwan, na ce ko abinci ba na iya ci. Sannan na gyara murya na ce duk da haka adalci adalci ne: jitar ta yi tsawo a ƙarshe, muryar mawaƙin ta ɗan zame, saboda haka ta zo ta biyar.

A wancan zamanin gidanmu na Zariya babu waya, kuma tsofaffi ba sa ƙoshi da wasiƙa, murya suke so. Saboda haka al'adarmu kaset ce. In alhazan unguwarmu za su koma, sai a taru a falo kowa ya yi gaisuwa a rikoda, a haɗa da dabino da zamzam a ba su. Ita ma kakarmu Iya ta tara mutanen gida su ɗauki amsa, a jira mai zuwa.

Shekarar nan wani alhaji maƙwabcinmu zai bar Madina, motarsu za ta tashi zuwa Jidda bayan azahar. Tun safe Yaya Kabiru ya aike ni in sayo sabon kaset. Na fita da niyya mai kyau. A hanya sai Hayaƙi da Tsohuwar Mota suka ɗaukaka ƙara a kaina, na tsaya a inuwar wani gini ina sauraron kowane ɓangare. Ko da na isa kanti, ladan ya ɗaga murya, mai kanti yana jawo ƙofa. A Madina kuwa in an kira salla, ko kana riƙe da kuɗinka a hannu sai bayan sallama. Aka idar, na duba lokaci, na ga in na tsaya alhaji zai wuce. Na ruga gida, na zura hannu ƙarƙashin gado, na zaro kaset mara rubutu, na saka gabansa na ji shiru. Na kai falo ina haki na ce ga sabo. Aka yi gaisuwa, ni ma na yi tawa da natsattsiyar murya, aka naɗe da dabino. Bayan kaset ɗin kuwa ko a mafarki bai zo mini ba.

Watanni suka shuɗe, har na manta. Sai ga wata hajiya ta zo umara da amsar Iya.

Dokar Yaya ita ce ba a buɗe kaset ɗin gida sai an taru, don Iya takan gai da duk Zazzagawan Madina da sunayensu, kowa yana son ya ji nasa da kunnensa. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Maza suka cika falo, mata suna ɗakin da ke kusa, an bar ƙofa a buɗe an saki labule, aka ajiye rikodar a bakin ƙofar don kowa ya ji. Dokta Hamisu ya zo da iyalinsa, domin marigayiya mahaifiyarsa ƙawar Iya ce. Na san Safiya tana bayan labulen nan. Na sa farar jallabiya, na ɗauki butar shayi mai na'ana'a, ina zagayawa a sunkuye kamar wanda bai taɓa jin ganga ba.

Muryar Iya ta fito, da carar zakara a bayanta da ƙarar turmi can nesa. Nan take kowa a falon ya tafi gida a zaune. Ta gai da kowa, ta yi addu'a, ta yaba dabinon, ta ce zamzam ɗin ta raba har da masu jego. Ina tsiyaya wa Dokta shayi sai na ji ta yi 'yar dariya.

"To, saura maigidana, mai gidan rediyo," in ji ta. "Mun ji gaisuwarku mun yi kuka mun share hawaye, sai jikata Ladidi ta ce Iya akwai saura a baya. Ta juya. Ashe babban saƙon yana baya."

Iya ta ci gaba da bayani dalla-dalla. Ta ce duk gidan sun ji, maƙwabta sun shigo sun ji, mai shayin bakin layi ya ara ya kwana biyu da shi. Ta ce yanzu yaran gidan in za su yi sallama sai su toshe hanci su ce nan Rediyon Harra. Sannan ta shiga shari'ar da kanta. Ta ce waccan ta ɗayan tawa, mai jirgin ƙasa, injin niƙa ce, in kiɗa ne wannan to unguwarmu ta daɗe da makaɗa. Ta ce Tsohuwar Mota da dama-dama, amma mawaƙin a ba shi kunu ya sha, da jin muryarsa bai karya ba.

Na ajiye buta na rarrafa wajen rikodar. Yaya Kabiru ya ɗora hannu a gwiwata, bai ko kalle ni ba.

"Ba a katse babba," ya ce.

Sai Iya ta ce amma akwai guda ɗaya da ta shiga ranta, wadda ta tuna mata da wani mai gurmi da yakan bi ta ƙofar gidansu tana yarinya. Sai kawai ta fara rera ta da hanci, ba kalma, a hankali, da tsohuwar muryar nan tata mai rawa. Tafin Hannu ce, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Waƙar wasu samarin Turai da aka ɗauka a gareji, ta biyo ta hannun ɗan Filifin, ta je Zariya, ga ta ta dawo Madina a bakin kakata. Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na lumshe ido, na ga ruwa yana sauka a kan baƙaƙen duwatsu. Ban taɓa jin waƙar ta yi kyau haka ba.

"Wannan ita ce waƙa," in ji Iya. "Kuma kai da bakinka ka ce ta Safiya ce 'yar Hamisu, ka ce in ka ji ta kana ganin hannunta cikin ruwan sama. To ni tambaya ɗaya gare ni, maigida. Mutum ya ce yana son yarinya har ba ya cin abinci, sannan ya sa waƙarta ta biyar? Hamisu, in kana ji, yaron nan nawa ba shi da mugun hali. Wauta ce kawai, ita kuwa wurin kakansa ya gado."

Daga nan ta wuce labarin akuyarta da ta haifi uku, kamar ba ta yi komai ba.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Wani ya kafa wa dardumar ido, wani ya shiga juya shayin da babu sukari a ciki. Ni dai ina durƙushe a tsakiyar falo da farar jallabiyata, ina roƙon ƙasa ta tsage. Can daga bayan labule wata siririyar murya ta ce, "Hamsa?" Wato biyar, da Larabci. Kalmar farko ke nan da Safiya ta taɓa faɗa a kaina.

Dokta ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Ya tambayi Yaya ko daga Harra zuwa Khalidiyya akwai nisa. Yaya ya ce babu, ranka ya daɗe.

"To ka gani," ya ce. "Sunan 'yata ya je Zariya, ya zaga unguwa har teburin mai shayi, ya dawo. Bai biyo ta ƙofar gidana ba."

Ya shanye shayinsa, ya yi wa kowa sallama, ya kira iyalinsa suka tafi. A lokacin ne kunyar ta koma baƙin ciki. Na gane ba kiɗan ne ya fi ƙona masa rai ba, kuma gaskiyarsa ce. Na yi ta gina suna na kusan shekara, ban taɓa yin abu ɗaya da ya kamata ba, wato in buɗe baki a inda ya dace. Na tabbata na rasa Safiya.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Yaya ya yi mini wa'azi a kan ganga da jita a birnin Manzo har sai da shayinsa ya huce. Duk Bahaushen da ya shigo saidaliyya sai ya ce a gai da Mai Rediyo, wani ma ya tambaye ni maganin tarin nan na nawa ne a jerina. A masallaci Dokta ya daina ganina, shi da aikinsa ido.

Yaya ne dai ya ja ni Khalidiyya daga baya, na durƙusa na ba da haƙuri. Dokta ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ya ce maganar kiɗa tsakanina da malamaina ce, shi dai ba a gidansa ba. Maganar 'yarsa kuwa, in da gaske nake, in turo manya ta ƙofa kamar ɗan mutane, in jira ta gama karatu, kuma sai in ita ta yarda, don shi ba zai sa baki ba.

Amsarta ta biyo ta hannun Anti Rabi. Ta same ni a kicin ta ce Safiya ta ce a tambaye ni, har yanzu hamsa ce? Ni kuma (Allah ya shirye ni) sai na gyara tsayuwa na fara bayanin cewa matsalar daga jitar ƙarshe take. Anti Rabi ta ɗaga ludayi.

"Wallahi ka sake cewa jita sai na kwaɗa maka wannan. Ta nawa ce?"

Na ce ta ɗaya. A raina ina jin na ci amanar Jirgin Ƙasa.

An yi bikin bayan shekara biyu, amma Iya ba ta gani ba, ta rasu ana saura 'yan watanni. Kasakasan 'Yan Gareji kuma na manta su a mota wata bazara, rana ta narkar da su suka lanƙwashe. Da zamani ya zo da ake neman waƙa a intanet na yi ta lalube, amma ta yaya za ka nemi mutanen da kai ka raɗa musu suna? Jirgin Ƙasa ta tafi, Hayaƙi ta tafi. Tafin Hannu kaɗai ta rage, ita ma a kaset ɗin Iya, tsakanin carar zakara da labarin akuya. Nakan saka wani lokaci da rana in kowa ya yi barci. Yanzu in an tambaye ni ta ɗaya ba na ƙarya, kuma ba don tsoron ludayi ba.

Safiya dai ba ta yafe duka ba. Har yau in na manta cefane ko na yi nisa a zaune tana magana, sai ta ɗaga mini yatsu biyar ta ce hamsa (ta rantse ba ta san daƙƙuwa ce a wurinmu ba, ni kuma ban yarda ba).

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka aika saƙo, juya bayansa ka ji. In kana son 'yar mutane, ƙofar ubanta ta fi Zariya kusa. In kuma ka ga lallai sai ka yi alƙalanci tsakanin abubuwan da kake so, to ka tabbata wadda za ka aura ba ta cikin masu jiran hukunci.